Fistol ko doguwar bindiga mai baki ɗaya? Abin da na tarar a wani shagon bindiga a Adum

Duk mai gona a daji da ke tunanin mallakar bindiga saboda namun dawa, akwai wani shago a unguwar Adum, cikin birnin Kumasi na ƙasar Gana, da zan iya tura shi hankalina kwance. Ba zan kama sunan shagon ba, domin mai shi ya ce sana'arsa ba ta son talla, kuma na ga gaskiyarsa. Shago ne mai rajista da hukuma, takardarsa na rataye a bango inda kowa zai gani, ƙofarsa ta ƙarfe ce, ciki kuwa mutum huɗu in sun tsaya sai na biyar ya jira a waje.

Ni a Aboabo nake zaune da iyalina, amma abincina daga bayan Kwame Danso yake fitowa. Ina da gonar doya da masara a can, da 'yan shanu da tumaki a hannun makiyayi. Wanda ya san hanyar ya san nisanta: Mampong, Ejura, Atebubu, sannan ka karya gabas. Daga nan ka fara kusantar kogin Sene da gandun dajin Digya, wanda gwamnati ta keɓe tun 1971, kuma bayan Mole babu wanda ya kai shi girma a Gana. Akwai giwaye a cikinsa. A gonata dai abin da muke fama da shi kullum birai ne da gadu masu tone doya, sai karnukan da suka zama na daji suna kama 'yan tumaki, sai macizai.

Abin da ya sa na shiga shagon da maganar fistol shi ne ɗan ƙanwata da ke tuƙin babbar mota a Amurka. Yaron yana ƙaunata, yana kuma jin tsoron abin da zai same ni a daji. Ba ya rabuwa da turo mini bidiyo ta WhatsApp, yana cewa, "Kawu, ka nemi fistol mai cin 10mm ko .44 Magnum ka rataya a ƙugu, ni zan biya." Na ga bai kamata in yi watsi da maganarsa ba, sai na ɗauke ta na kai wa wanda ya fi mu sani.

Mai shagon dattijo ne haifaffen Asawase, kowa Baba yake ce masa. Da na gama bayani bai ɗauko mini komai ba. Ya ce, "Alhaji, wace dabba ce? Ka faɗa mini wadda ka gani da idonka, ban da wadda aka ba ka labari." Na lissafa masa. Ya tambayi tazarar da nake hangensu, ya tambayi ko da rana ne ko da dare, ya tambayi mutum nawa ke kwana a bukkar gona da ko akwai yara. Sai da ya gama duk wannan sannan ya ce in nuna masa takarduna. Wannan tsari nasa shi ne babban dalilin da ya sa nake yaba shagon. Mai neman kuɗinka kawai ba ya ɓata lokacinsa yana tambayar inda yaranka suke kwana.

Game da fistol, ya fara da doka. A Gana ba abu ba ne da za ka shigo da kuɗi ka nuna a kanta a naɗe maka. Maganarta sai ta bi ta Ma'aikatar Cikin Gida a Ankara, ma'aikatar da ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka Mubarak, ya karɓa a 2025, kuma sai 'yan sanda sun bincike ka sun yi wa makamin rajista. Shagonsa bindigar farauta yake sayarwa da katirij ɗinta, wato harsashinta. Riƙe bindiga babu izini babban laifi ne a dokar laifuffuka ta 1960, ƙera ta a gida kuma dokar makamai ta 1972 ta hana. Ya faɗi haka ne domin ya san abin da wasu ke yi idan takarda ta yi musu wuya: su nemi maƙeri a ɓoye ya haɗa musu ta gida. Ya ce ban da ɗauri, ita kanta bindigar ba a gwada ƙarfenta ba, ranar da ta ga dama a hannunka za ta fashe.

Da ya tsaya a nan, da na ce ya kore ni ne da doka don ba ya da kayan. Amma sai ya jawo wata tsohuwar takardar kamfani mai hotunan harsasai daidai girmansu na gaske, ya shimfiɗa a kanta, ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Nan ne na san mutumin ya san aikinsa.

Ya fara da 9mm, wadda wani kamfanin Jamus ya fitar a farkon shekarun 1900 da ƙirar Georg Luger, ita ce kuma sojoji da 'yan sandan ƙasashe da yawa ke riƙewa. Kan harsashinta wajen giram 8 ne, ƙarfin dukansa idan ya bar baki wajen jul 500 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka). Sai .357 Magnum ta 1935, ta libarba, wato fistol mai gidan harsashi da ke juyawa, kanta wajen giram 10, duka jul 700 zuwa 800. Sai 10mm ɗin da yarona ke so, wadda ta fito a 1983, kanta giram 12 zuwa 13, dukanta na iya kusantar jul 1,000 in an cika ta sosai. Sai .44 Magnum ta tsakiyar shekarun 1950, kanta ya haura giram 15, dukanta ya wuce jul 1,200. Baba bai raina ko ɗaya ba. Ya ce yaron bai yi ƙarya ba: sojojin Danmak da ke sintiri da karnuka a ƙanƙarar Girinlan suna rataye da Glock 20 mai cin 10mm saboda farar beyar, masu kamun kifi da masu yawon daji a Alaska da Montana kuma da yawansu .44 suke ɗauka. Sai dai su fistol ɗin madadin ta ƙarshe ce, ta lokacin da dabba ta riga ta iso jikinka kuma doguwar bindiga ba ta hannu. Ma'aikatan dajinsu ma feshin barkono suke fara ba mutane shawara su riƙe.

Daga nan ya ɗora yatsa a kan katirij mai lamba 12, irin wanda kowane mafarauci a ƙasar nan ya sani, amma mai dunƙulen darma guda ɗaya a ciki maimakon ƙananan ƙwayoyi. Nauyin dunƙulen giram 28, dukansa wajen jul 3,000. Wato tsohuwar mai baki ɗaya da ke jingine a ɗakin manomi, in an sa mata katirij ɗin da ya dace, ta ninka babbar fistol ɗin Amurka fiye da sau biyu. A ƙarshen takardar akwai .375 H&H, harsashin doguwar bindiga da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, mai duka wajen jul 6,000. Ita ce ƙasashen Afirka da dama masu harkar farauta suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari giwa ko ɓauna da shi. Ya ce, "Alhaji, dubi inda masu sana'ar suka fara, ka dubi inda fistol ta ƙare."

Na daɗe ina kallon takardar nan. Giwa namiji na iya kai tan biyar ko shida. Dorinar da ke Baƙin Volta, wajen Wechiau da Bui, ta haura tan guda nesa. Ɓaunar da ke Kogyae kusa da Ejura, ko ta Mole, in ta sunkuyar da kai ta taho, ƙaho da ƙashi ne ke fuskantarka. Wanda ya harbi irin waɗannan da fistol bai kare kansa ba, ya dai raunata dabbar ya ƙara mata fushi, ya kuma bar wa matan da za su je itace gobe wata masifa a cikin ciyawa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Mu Musulmi an hore mu da kyautatawa ko a yanka, balle a bar dabba tana yawo da darma a jiki har ta ruɓe.

Wani abin da ya koya mini, wanda ban ji a bidiyon yarona ba sai a gurguje, shi ne irin kan harsashi ya fi lambarsa muhimmanci. Akwai mai rami a baki, wanda ke buɗewa da zarar ya shiga nama, ya yi faɗi ya tsaya da wuri. Wannan an yi shi ne don kada ya ratsa ya sami wani a baya. A jikin dabba mai kaurin fata da tsoka da ƙashi, yana iya buɗewa tun a kafaɗa bai kai ga huhu ko zuciya ba. Shi ya sa masu shiga dajin beyar ke neman kai mai nauyi na darma mai tauri, mai shafaffen baki, wanda ba ya buɗewa sai dai ya yi ta kutsawa. Amma kai mai nauyi da albarushi mai yawa tokarinsu ma mai yawa ne. Fistol hannu kawai ke riƙe da ita, babu kafaɗar da za ta tallafa, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kuma gajeriya ce, saboda haka ɗan karkacewa kaɗan sai harbi ya bi iska. Mutanen da suka iya .44 sun ƙona harsasai masu yawa a filin koyo kafin hannunsu ya faɗa. Ni a ina zan sami waɗannan harsasan a Kumasi, da wane kuɗi, a wane fili? Dabbar da ta taho da gudu daga taku ashirin ba za ta ba ka daƙiƙa uku cikakku ba.

Abin da na fita da izininsa a ƙarshe mai baki ɗaya ce, lamba 12, ƙirar Baikal ta Rasha, irin wadda ake karyawa a sa katirij guda. Yaron shagon, wani matashi mai saurin baki, ya so ya tura ni ga mai famfo ƙirar Turkiyya mai cin katirij da yawa. Ta fi kyan gani, ta fi tsada, ba na kuma cewa ba ta da amfani. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce a gonar da ƙura da ruwan sama suke, kuma babu mai gyara kusa, abin da ba shi da kayan ciki da yawa shi ke daɗewa. Ya ƙara da cewa mai baki ɗaya in ka karya ta kowa na ganin babu komai a ciki, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a bukkar da mutane ke shiga da fita. Ban ji daɗin yadda yaron ya matsa ba, na kuma lura yana yi wa wasu haka idan dattijon ya fita salla. Wanda ya je, ya jira Baba.

A wajen katirij ya rarraba mini su yadda ban taɓa ji ba duk da na girma ina jin ana cewa AA da BB. BB ƙwayoyinsa ƙanana ne, kowace ba ta kai milimita 5 ba, suna da yawa, suna bazuwa. Na gyazbi ne da zabin daji da makamantansu. AA ya ɗan fi shi girma. Akwai mai manyan ƙwayoyi takwas ko tara, kowace ta haura milimita 8, wanda ya dace da mahaukacin kare ko gadu a kusa. Sai mai dunƙule ɗaya, wanda Bajamushe Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro irinsa tun 1898. Ya ce kuskuren da ya fi gani shi ne mutum ya ɗura BB ya ɗauka ya shirya wa kowace dabba, alhali a jikin babba ƙwayoyin a fata suke tsayawa. Ya nuna mini rubutun da ke jikin bututun bindigar, inda aka sa tsawon katirij ɗin da take ci. Tawa milimita 70 ce a rubuce, ya ce kada in kuskura in sa mata na 76 ko da ya shiga, domin yana shiga ɗin, matsin da zai yi a ciki ne ya wuce abin da aka gina ta a kai. Kada kuma katirij mai lamba 20 ya kwana a aljihu ɗaya da mai lamba 12, domin ƙaramin na iya zurmawa cikin bututu ya maƙale, a sa babba a bayansa a harba. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakin yana kallon inda babu kowa, ka ƙirga talatin kafin ka karya. Katirij kuma ba ya son laima. A damina a sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu, a kulle daban da bindigar.

Duk wannan bayanin ban biya sisi a kansa ba, kuma akwai masu jira a bayana.

Yanzu ga inda shagon ya gaza. Farashi ba a rubuce yake ba, sai ka tambaya, kuma yana tafiya da dala, abin da aka faɗa maka wannan watan ba lallai ka same shi wata mai zuwa ba. Na fi son a manna takarda a bango kowa ya gani. AA da BB ba sa yankewa, kwali mai guda 25 ko da yaushe akwai, amma mai dunƙule ɗaya da mai manyan ƙwayoyi sai an yi sa'a, wani lokaci a ce ka dawo. Ga mutumin da zai kama hanyar Atebubu da asuba wannan matsala ce. Babu abin toshe kunne ko tabarau na kariya a shagon, da na tambaya sai yaron ya yi dariya, alhali tsofaffin mafarauta nawa muka sani da kunne ɗaya ya mutu. Babban giɓin kuma shi ne ba su da filin gwaji, ba su da wani mai koyarwa da za su haɗa ka da shi. Ana ba ka makami da nasiha mai kyau, sauran kuma ya rage naka. Ni wani tsohon soja a unguwarmu ya raka ni gona ya tsaya a kaina har kafaɗata ta saba, ya sa na harba kowane irin katirij a jikin kwali don in ga yadda yake bazuwa a taku goma da taku talatin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin ajiye mota a Adum kuwa kowa ya san halinsa, gara ka sauka a tashar Kejetia ka taka.

Takardun sun ɗauki lokaci, wannan kam ba laifin shagon ba ne. Ana cike fom a wajen 'yan sanda, a kai hotuna, a ɗauki zanen yatsu, a bincika ko kana da wani tabo. Baba ba ya sakin bindiga sai izini ya fito, ba ya kuma sayar da katirij ga wanda bai nuna lasisi ba, yana rubuta kowane ciniki a babban littafi. Na ga ya mayar da wani mutum da ya zo da lasisin wansa. Mu masu shanu ya kamata mu fi kowa son wannan tsanani. Bayan abin da ya faru shekara da shekaru a Agogo da filayen Afram tsakanin manoma da makiyaya, duk wanda aka gani da shanu da bindiga kallon tuhuma ake yi masa. Takarda mai kyau a aljihu ita ce ke raba ka da wannan. Saboda haka ma bindigata ba ta zama a hannun makiyayina. Sunana ke kan lasisin, in ba na gona tana kulle.

Ya kuma tuna mini cewa lasisin bindiga daban, izinin farauta daban. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ke ba da na biyun, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta domin dabbobi su hayayyafa, in ban da gyazbi, shi ma sai da izini. Giwa kuwa babu lokacin da aka halatta taɓa ta. In ta shigo gona, ma'aikatan gandun ake kira. Manoman da ke kewayen Kakum sun daɗe suna shafa barkono da baƙin mai a tsumma su rataya a igiya kewaye da gona, warin na korar giwa, ga kuma ƙarar gwangwani da wuta da dare. Baba ya ce in ajiye lambar ofishin gandun da ya fi kusa da gonata a waya, in kuma ba makiyayin.

Na tambaye shi harbin dare, tunda birai da rana suke zuwa amma gadu da karnuka sun fi ɓarna in duhu ya yi. Fuskarsa ta canza. Ya ce in buɗe rediyo in ji sau nawa ake kawo labarin mafarauci ya harbe ɗan'uwansa ya ce ya zaci nama ne. Idon da ya haska a fitila ba shaida ba ce. Abin da ba ka ga jikinsa duka ba, ba ka kuma san abin da ke bayansa ba, ba a ɗaga masa bindiga.

Kafin in fita ya ɗauko takalmin roba mai tsawo har gwiwa da fitilar goshi ya ajiye a gabana. Ya ce a duk dabbobin da na lissafa masa, wadda ta fi kusa da kai ni kabari ita ce wadda na ambata a ƙarshe. Kububuwa da kasa ba sa gudu, suna kwance a cikin kunyar doya da ƙarƙashin tarin ciyawa, sai ka taka ko ka sa hannu. Babu lambar harsashin da ke maganin wannan. Na sayi takalmin ƙafa huɗu, nawa da na masu aiki, kuma robar mai kauri ce, ta ci damina ba ta tsage ba. Fitilar dai batirinta ba ya daɗewa, akwai waɗanda suka fi ta a kasuwa. Ya ce in bincika tun yanzu wane asibiti ne kusa da gonar ke ajiye allurar dafin maciji, in kuma gaya wa yarana kada a tsaga wurin sara, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a kwantar da mutum a hanzarta da shi.

Na kira ɗan ƙanwata na zayyana masa duk yadda muka yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, kuɗin fa?" Na ce ya turo a sayi waya a kewaye garken tumaki, a ƙara fitila mai aiki da hasken rana a bakin bukka. Ya turo, an yi, kuma tun daga lokacin karnukan ba su sake ɗaukar ko ɗan rago ba.

Wanda zai je shagon ya tafi da katin ɗan ƙasa da lasisinsa na asali, ba hoto a waya ba. Ya je da safe a ranar aiki, lokacin Baba na nan kuma layi bai yi tsawo ba. Lasisin bindiga yana ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba ko a wane wata aka karɓe shi, saboda haka wanda bai sabunta nasa ba kada ya wahalar da kansa zuwa sayen katirij a Janairu, ba za a ba shi ba.